Kwamfutar tebur ta ƙi tashi: daga ina ake fara bincike?

Tambayar da aka yi mini ita ce: kwamfutar tebur ce aka kashe ta lafiya ƙalau da dare, da gari ya waye aka danna maɓallin kunnawa ta ƙi tashi, kuma mai ita yana son ya san abin da zai iya dubawa da kansa kafin ya ɗauke ta zuwa wurin mai gyara, musamman da yake akwai muhimman takardun aikinsa a cikinta.

Malam, kafin ka kwance ko da sukuru ɗaya, ka sake danna maɓallin nan ka tsaya ka lura da idonka da kunnenka, domin abin da za ka gani a cikin daƙiƙa goma na farko shi ne zai nuna maka inda za ka dosa. Shin shiru kake ji, babu fitilar da ta kama, babu fankar da ta motsa? Ko fankoki suna juyawa amma allon kallo baƙi ƙirin? Ko ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu da kanta? Ko kuwa tambarin kamfanin yana fitowa, amma Windows ba ya buɗewa? Waɗannan matsaloli ne daban-daban, kowace da inda take samo asali, kuma sau da yawa ana asarar kuɗi a gyaran kwamfuta ne saboda an sayi sabon sashe tun ba a tantance wacce daga cikinsu ake fama da ita ba.

Zai taimaka maka ƙwarai ka san jerin abubuwan da ke faruwa idan kwamfuta lafiyayya za ta tashi. Da zarar an jona wayar wuta, akwatin wutar da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira fawa fak, yana fara ba wa madabod, wato babban allon da duk sassan kwamfutar ke jone a kansa, ɗan ƙaramin wuta mai bolt 5 ko da kwamfutar a kashe take. Wannan wutar ce ke sa madabod ya iya jin an danna maɓalli. Idan aka danna, sai madabod ya umarci akwatin wuta ya saki sauran layukansa, wato bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3, kuma a cikin ƙasa da rabin daƙiƙa akwatin zai aiko da alamar cewa wutar ta daidaita. Sai bayan wannan alama furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ke fara karanta ɗan shirin da ke ajiye a kan madabod, wato BIOS, ko UEFI a kwamfutocin zamani. Shirin yana gwada RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da katin hoto da sauran sassa, gwajin da ake kira POST, daga nan ya nemi faifan da Windows ko wani tsarin aiki yake ciki ya miƙa masa ragama. Aikinka gaba ɗaya shi ne ka gano a wane mataki wannan jeri ya tsinke.

Mu fara da halin da babu motsi ko kaɗan. Ka gwada soket ɗin bango da wani abu da ka san yana aiki, kamar fitila ko cajar waya. Idan kana amfani da ekstenshan ko UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ka cire su ka jona kwamfutar kai tsaye a bango, domin batirin UPS yana mutuwa bayan 'yan shekaru, kuma ekstenshan na iya ƙonewa daga ciki ba tare da wata alama a waje ba. Ka duba bayan akwatin kwamfutar: yawancin akwatunan wuta suna da ɗan makunni mai alamar I da O, kuma dole ya kasance a kan I. Wayar wutar kanta ka canza ta da wata, sau da yawa ta allon kallo iri ɗaya ce da ita. A tsofaffin akwatunan wuta akwai wani ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230, wanda dole ya dace da ƙarfin wutar ƙasar da kake; idan ka tarar da shi daidai, kada ka taɓa shi, domin ajiye shi a kan 115 a inda wuta take 230 yana ƙona akwatin nan take. Bayan haka ka zare wayar wuta, ka danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30 don sauran wutar da ta taru a ciki ta zube, ka cire duk abin da ke jone ta USB, har da firinta da filash, sannan ka mayar da wayar ka gwada. Na'urar USB da ta lalace, ko ramin USB da harshensa ya karye ƙarafunan ciki suka haɗe, na iya hana madabod tashi baki ɗaya.

Idan har yanzu ko gezau, lokacin buɗe murfi ya yi. Ka zare wayar wuta tukuna, kuma kafin ka taɓa komai a ciki ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka, saboda wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda ba ka ma jin ta, tana iya lalata ƙananan sassa. Idan kwamfutar tana cikin wa'adin garanti, ka karanta sharuɗɗan kafin ka buɗe. Da ka buɗe, ka fara da hanci da ido. Ƙaurin ƙonewa yana nuna maka wurin da za ka duba. Ka haska tocila a kan kafasitocin madabod, waɗannan ƙananan gwangwanaye da ke tsaye kusa da furosesa: saman lafiyayye a shafe yake, da alamar tsaga mai kama da X ko K, amma wanda ya lalace samansa yana kumbura, wani lokaci har ka ga busasshen ruwa mai launin tsatsa ya tsattsafo ta tsagar. Kwamfutocin da aka ƙera a farkon shekarun 2000 sun sha fama da wannan cuta sosai, kuma har yau ana cin karo da ita a kowace tsohuwar na'ura da ta sha zafi.

Ka mayar da wayar wuta ka duba ko akwai wata 'yar fitila da ke kamawa a kan madabod tun kafin a danna komai. Ba kowane madabod ke da ita ba, amma idan akwai kuma ta kama, to wutar jiran nan ta bolt 5 tana isowa, sai zargi ya koma kan maɓallin kunnawa. Maɓallin ba komai ba ne illa wayoyi biyu sirara da ke zuwa kan fil biyu a gefen madabod, inda aka rubuta PWR_SW ko PWR_BTN. Ka zare wayoyin, ka taɓa fil biyun tare da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan kwamfutar ta tashi, maɓallin ne ya mutu, kuma wannan shi ne mafi sauƙin duk abin da zai iya samunka. Kana ma iya jona wayoyin maɓallin sake-kunnawa a wurin ka ci gaba da aiki kafin ka sami sabo. Ka dai tabbatar ka karanta rubutun da kyau, kada ka taɓa fil ɗin da ba su ba.

Akwatin wuta shi ne sashen da na fi zargi a duk kwamfutar da ta kwana lafiya ta wayi gari a mace, saboda shi ne ke karɓar duk wata girgizar wutar lantarki, yana kuma shan zafi da ƙura. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi masa a tsarin ATX, tsarin da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995 kuma har yanzu mafi yawan kwamfutocin tebur a kansa suke. Ka kashe makunnin baya, ka zare duk wayoyin akwatin daga madabod da faifai da katin hoto. Ka ɗauki babban kan waya mai ramuka 24, za ka ga koriyar waya guda ɗaya tak a cikinsa, a rami na 16, da baƙaƙen wayoyi a gefenta. Ka lanƙwasa ƙarfen maƙala takarda kamar harafin U, ka cusa ƙafa ɗaya a ramin koriyar, ɗayar a ramin kowace baƙa, sannan ka kunna makunnin. Abin da ka yi shi ne ka ba akwatin umarnin da madabod ke ba shi. Idan fankarsa ta juya, ya amsa umarni. Idan shiru, to kusan tabbas ya mutu. Idan wayoyin akwatinka duka baƙaƙe ne, kamar yadda ake yi a yawancin sababbi, kada ka yi kintace, ka ƙirga ramukan bisa zanen da ke cikin littafinsa.

Wannan gwaji yana da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Wasu akwatunan zamani ba sa juya fankarsu sai sun ɗauki nauyi, saboda haka ka jona wata fankar akwatin kwamfuta a jikinsu don ka ga ko wuta na fita. Juyawar fanka kuma ba shaidar cikakkiyar lafiya ba ce, domin akwati na iya tashi ba tare da nauyi ba amma ya durƙushe da zarar furosesa da katin hoto sun fara jan wuta. Idan kana da mitar awon wuta, ka ɗora baƙin tsinkenta a baƙar waya, jan kuma a wadda kake aunawa: mai ruwan ɗorawa bolt 12 ce, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3. Ƙa'idar ATX ta yarda da bambancin kashi 5 cikin ɗari, wato layin bolt 12 ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Duk abin da ya fita daga wannan iyaka dalili ne na canza akwatin. Sai dai gwajin da ya fi kowanne tabbas shi ne a aro wani akwatin da aka san lafiyarsa a jona. A nan akwai gargaɗi uku da nake so ka riƙe da muhimmanci. Kada ka taɓa buɗe akwatin wuta, domin manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare waya. Idan akwatin irin wanda wayoyinsa ke cirewa ne, kada ka yi amfani da wayoyin tsohon a jikin sabon ko da sun shiga daram, saboda jerin ramukan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wannan kuskure yana ƙona faifan ajiya da abin da ke cikinsa. Sannan yawancin kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo suna da kan waya irin nasu wanda ba na ATX ba, saboda haka gwajin koriyar waya bai shafe su ba. Wasu na Dell suna da ɗan maɓallin gwaji da fitila a bayan akwatin wutar, su ake dannawa a gani.

Yanzu sai hali na biyu, wanda ya fi rikita mutane: fankoki na juyawa, fitilu sun kama, amma allo bai nuna komai ba. Ka fara da allon kallon kansa. Ka tabbatar yana kunne, kuma an zaɓi mashigar da wayar take, HDMI ko DisplayPort ko VGA. Ka duba inda wayar ta shiga a bayan kwamfutar: idan akwai katin hoto na daban, wayar a jikinsa za ta shiga, can ƙasa inda ramukan suke a kwance, ba a ramin madabod da ke sama kusa da na USB ba. Wannan kuskure yana yawan faruwa bayan an matsar da kwamfuta ko an share ɗaki. Ka kuma sani cewa ba kowace furosesa ce ke iya fitar da hoto da kanta ba: na Intel da lambarsu ta ƙare da harafin F ba su da wannan sashe, haka ma yawancin Ryzen na kamfanin AMD masu zama a soket AM4, wato mazaunin furosesa a kan madabod, da ba su da harafin G a ƙarshe. A irin waɗannan, ramin HDMI na madabod ba zai taɓa nuna komai ba. Wata dabara mai amfani ita ce ka danna maɓallin Caps Lock a kibod. Idan fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, alama ce cewa kwamfutar ta tashi, matsalar ta hoto ce kawai.

Idan ba haka ba, to ta tsaya ne a gwajin POST, kuma yawanci tana ƙoƙarin gaya maka dalili. Madabod mai ƙaramar lasifika yana yin ƙara: gajeruwa ɗaya galibi tana nufin komai lafiya, jerin ƙararraki kuwa saƙo ne, sai dai ma'anarsu ta bambanta tsakanin BIOS na AMI da Award da Phoenix, saboda haka ka ƙirga dogaye da gajeru ka duba littafin madabod ɗinka, kada ka dogara da jadawalin wani. Da yawa daga cikin madabod na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU da DRAM da VGA da BOOT, suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, kuma wadda ta tsaya a kunne ita ce matakin da aka maƙale. Dell da HP kuma suna amfani da ƙyaftawar fitilar maɓallin kunnawa, da launinta da adadinta.

A wannan hali RAM ce ke kan gaba a jerin waɗanda ake tuhuma, kuma sau da yawa ba lalacewa ta yi ba, zamanta ne ya goce ko ƙura ta shiga tsakaninta da raminta. Ka zare wayar wuta, ka buɗe maƙallan da ke gefen ramin, ka fitar da duka sandunan RAM ɗin kana riƙe su ta gefe. Ka goge haƙoran zinaren da tsumma mai laushi, busasshe ko wanda aka ɗan jiƙa da sinadarin isofirofil, ka hure ramin da iska. Sai ka mayar da sanda ɗaya kawai, a ramin da littafin ya ce a fara da shi, wanda a madabod mai ramuka huɗu yawanci shi ne na biyu daga furosesa, mai alamar A2. Ka daidaita tsagar da ke ƙasan sandar da tudun da ke cikin ramin, ka danna da manyan yatsunka biyu a gefe da gefe har ka ji maƙallan sun yi ƙas sun rufe da kansu. Mutane da yawa suna tsoron dannawa da ƙarfi, sai su bar gefe ɗaya a ɗage kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa ya hana tashi. Idan ba ta tashi ba, ka gwada ɗaya sandar a wannan ramin, sannan ka gwada wani ramin. Ta haka za ka bambance sandar da ta mutu da ramin da ya mutu. Idan kwamfutarka mai RAM irin DDR5 ce, ka ba ta haƙuri: bayan an taɓa RAM ko an sake saitin BIOS, madabod na iya ɗaukar 'yan mintuna allo baƙi yana daidaita kansa da ita, kuma kashe ta a tsakiyar wannan aiki yana mayar da shi farko ne kawai.

Katin hoto ma haka za ka yi masa: ka cire, ka mayar har maƙallin ramin ya kama, ka tabbatar wayoyin wutarsa masu ramuka 6 ko 8 sun shiga sosai. Ramin madabod wat 75 kawai yake iya ba kati, saura daga waɗannan wayoyi yake zuwa. Idan furosesarka na iya fitar da hoto, ka cire katin gaba ɗaya ka jona allo a madabod. Kada ka manta da wayar wutar furosesa mai ramuka 4 ko 8 da ke saman madabod, domin idan ta saki, fankoki za su juya amma babu abin da zai biyo baya.

Daga nan sai saitin BIOS. Wani ɗan batir mai faɗi, CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe agogo da saitin madabod idan babu wuta. Idan ya yi rauni, alamar farko ita ce kwanan wata da lokaci su riƙa rikicewa, kuma wasu madabod suna ƙin tashi sam. Ka zare wayar wuta, ka cire batirin na kimanin minti biyar, ka mayar da shi ko ka sa sabo, ko kuma ka haɗa fil biyun da aka rubuta wa CLR_CMOS na 'yan daƙiƙu. Wannan yana mayar da komai yadda kamfani ya saita shi, kuma yana warware matsalar da ta taso daga ƙara wa RAM ko furosesa gudu fiye da ƙima. Amma tunda ka ce akwai muhimman takardu a ciki, ka dakata ka yi tunani kafin wannan mataki. Idan an kulle faifanka da BitLocker, wato tsarin kulle faifai na Windows, sauya saitin BIOS ko canza madabod na iya sa Windows ya nemi mabuɗin ceto mai lambobi 48, kuma idan babu shi babu mai iya buɗe maka faifan. Sau da yawa mabuɗin yana ajiye a asusunka na Microsoft, ko a wurin masu kula da kwamfutocin ma'aikata idan ta ofis ce. Ka nemo shi ka rubuta a takarda tukuna.

Kwamfutar da ke kamawa ta mutu bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu galibi tana nuna ɗayan abu biyu: ko akwatin wuta ya gaza ɗaukar nauyi, ko kuma wuta ta haɗe a wani wuri sai akwatin ya kashe kansa don kariya. Sukuru da ya faɗa bayan madabod, ko ɗaya daga ƙafafun ƙarfen da madabod ke zama a kansu da aka ɗaura a inda babu raminta, sun isa su jawo haka. Wadda kuma ke yin rabin minti ko fiye kafin ta mutu, zafi ne ya fi yiwuwa, domin furosesa tana kashe kanta idan zafinta ya wuce iyaka, wadda a yawancinsu tana kusa da digiri 100 a ma'aunin Salsiyas. Ka duba ko fankar furosesa na juyawa kuma tana jone a inda aka rubuta CPU_FAN, ko ƙura ta toshe ƙarfen sanyaya, ko ɗaya daga ƙafafunsa ta saki. Idan ka ɗaga ƙarfen, dole ka goge tsohon man da ke tsakaninsa da furosesa ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya.

Idan duk wannan bai fito da mai laifi ba, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a rage kwamfutar zuwa mafi ƙarancin abin da za ta iya tashi da shi. Ka fitar da madabod daga akwati ka ɗora shi a kan kwali, da furosesa da abin sanyaya ta, da sandar RAM ɗaya, da akwatin wuta, da allo, ba faifai, ba komai. Ka tayar da shi ta hanyar taɓa fil biyun nan. Idan ya nuna hoto, sai ka riƙa mayar da sassa ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowane ƙari, har ka kai ga wanda yake kashe ta. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, kuma ina ba ka shawara ka riƙa rubuta abin da ka yi da abin da ya biyo baya, domin wanda ya canza abu uku a lokaci guda, ko da kwamfutar ta tashi, bai san abin da ya gyara ba, kuma idan matsalar ta dawo zai sake farawa daga tushe. Idan a wannan hali ma shiru, da akwatin wuta da RAM da aka tabbatar da lafiyarsu, to saura madabod ko furosesa, kuma a tsakanin su biyun madabod ne ya fi saurin mutuwa nesa ba kusa ba. Ba na ba wanda bai saba ba shawarar cire furosesa, saboda fil ɗin da ke cikin soket na Intel da na AM5, ko a ƙarƙashin furosesar AM4, sirara ne ƙwarai, kuskure kaɗan ke lanƙwasa su. Ga wanda kuma sabuwar furosesa ya sa kwamfutar ta ƙi tashi, wataƙila BIOS ne ya tsufa bai san ta ba, kamar yadda madabod samfurin B450 suka buƙaci sabunta BIOS kafin su karɓi Ryzen 5000 da suka fito a 2020.

Hali na ƙarshe shi ne tambarin kamfani ya fito amma Windows ya ƙi buɗewa, kuma a nan albishir ne, domin wuta da furosesa da RAM da hoto duk sun tsallake gwajin farko. Ka cire duk wani filash, domin kwamfutar na iya ƙoƙarin tashi daga gare shi. Ka shiga BIOS ta hanyar danna Del ko F2 da zarar ka kunna, ko F10 a HP, ka duba ko sunan faifanka ya bayyana. Idan bai bayyana ba, ka sake zaunar da wayoyinsa biyu na SATA, ta bayanai da ta wuta, ko, idan faifan SSD ne mai siffar M.2 da ke zaune kai tsaye a kan madabod, ka cire shi ka mayar. Idan ya bayyana, ka tabbatar shi ne na farko a jerin tashi, kuma saitin bai sauya daga UEFI zuwa CSM ba, ko daga AHCI zuwa RAID, abin da kan faru bayan batirin madabod ya mutu, kuma yana iya jawo shuɗin allo mai saƙon INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Idan Windows ya fara buɗewa sai ya maƙale, gazawa sau biyu ko uku a jere tana sa shi ya buɗe shafin gyara da kansa, inda za ka iya gwada gyaran tashi, ko cire sabuntawar da aka yi ta ƙarshe, ko shiga yanayin Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan da suka zama dole kawai. Shuɗin allo da saƙonsa ke canzawa kowane lokaci yakan nuna RAM, kuma shirin MemTest86, wanda ake tayarwa daga filash, zai gwada ta.

Game da takardunka, a halayen da na fara bayyanawa galibi suna nan lafiya a kan faifai, domin mutuwar akwatin wuta ko madabod ba kasafai take shafar abin da ke ajiye ba. Kana iya cire faifan ka jona shi a wata kwamfuta ta ƙaramin akwatin USB da aka yi don haka, ko ka tayar da taka daga filash mai ɗauke da Linux, kamar Ubuntu, ba tare da ka girka shi ba, ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri. Ka yi wannan kafin duk wani yunƙurin gyara Windows, kuma idan ka kai ta wurin mai gyara ka gaya masa a fili cewa ba ka yarda a yi fomatin ba sai an kwashe bayanan kuma ka gan su da idonka. Banda guda ɗaya ce: idan faifan irin mai juyawa ne kuma kana jin yana ƙas-ƙas-ƙas a kai a kai, ko yana ƙarar gurzawa, ka kashe kwamfutar nan take, kada ka sake kunna ta don gwaji, domin allurar da ke karanta bayanai na iya kasancewa tana kartar fuskar faifan, kuma kowace kunnawa tana rage abin da za a iya cetowa. Irin wannan faifai sai ƙwararrun ceto bayanai masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga, kuma kada ka bari kowa ya buɗe murfinsa a kan teburin gyara.